Uwargida, In Kin Ji Ƙaurin Roba A Mota Kada Ki Yi Shiru

Yau za mu ɗan bar madafa mu shiga mota, amma da hancinmu na girki za mu tafi, domin shi ne kayan aikinmu.

Kowace mace ta san ƙauri. Kina tsakar gida kina shanya, sai ki ɗaga murya ki ce, "Ke, duba tukunyar nan, shinkafa ta kama." Ba ki ga tukunya ba, ba ki ɗanɗana ba, hanci ne kurum ya gaya miki. Har kina iya rarrabe ƙaurin wake da na madara, da na tsumman da ya faɗa murhu, da na zanen da aka manta dutsen guga a kansa. To, da irin wannan hanci ne gwanin makaniki yake fara aiki tun bai ɗauki sifana ba. Abin mamaki kuwa shi ne, macen da ba ta barin ƙauri ya yi minti guda a gidanta, sai ta shiga mota ta ji ƙaurin roba ƙarara, amma ta ja bakinta ta yi gum, wai mota ba sha'anin mata ba ce, ko wai kada maigida ya ce ta faye surutu, ko kada fasinjoji su yi mata dariya. Alhali kuwa ga 'ya'yanta uku a kujerar baya.

Motar da take lafiya ba ta ƙauri. In kin ji shi, wani abu ne ya yi zafin da bai kamata ya yi ba, kuma hanyar da haka ke faruwa ba ta da yawa. Ko dai abu yana gugar abu, ko roba ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi, ko kuwa wutar lantarki ta bi inda ba a tsara mata ba. 'Yan makaranta, ku murza tafin hannuwanku da ƙarfi ku ji yadda suke ɗumi. Wannan ɗumi shi ne wanda malamin kimiyya ke koya muku a darasin guga, sai dai a cikin inji ana yin gugar sau dubbai a minti ɗaya. Shi kuwa warin taya da ba ya kama da na kome, wani sashinsa daga farar wuta yake, watau ƙibiritu. Ɗanyar roba daga bishiya ba ta jure zafi, takan yi danƙo. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta yi ƙwari, ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1844. Da ita ake yin tayoyi har yau.

Kafin ki ta da hankalin kowa, ki lura da waje. Wataƙila kun wuce bola ce da ake ƙonawa, ko inda ake babbaka da tsofaffin tayoyi, ko kuwa kuna bin bayan wata babbar mota da birkinta ya yi zafi. Irin wannan ƙauri da kun yi gaba sai ya baje. Amma in ya bi ku, ko yana ƙaruwa, ko yana fitowa ta ramukan iska na gaban mota, to naku ne, sai ki yi magana. In maigida ne ke tuƙi ki ce, "Malam, don Allah ɗan tsaya, ina jin ƙaurin roba." In motar haya ce, kuma ke yarinya ce 'yar makaranta, ki ce, "Baba direba, don Allah ana jin ƙauri a nan baya." Ba rashin kunya ba ne. Sau da yawa direba ya buɗe tagarsa iska na bugunsa, na baya ne ke fara ji. In ya ce ba kome, ki sake faɗa da ƙarfi yadda sauran fasinjoji za su ji, domin da wuya a ce ke kaɗai kika ji, kowa dai jira yake wani ya fara.

Ke kuwa mai tuƙa kanki, ki ba da sigina, ki sauka daga kan kwalta sosai, ki kashe inji, ki zare makulli, ki kunna fitilun gargaɗi. Ki guji tsayawa a kan busasshiyar ciyawa, musamman da hunturu, saboda bututun hayaƙi da ke ƙarƙashin mota yana da zafin da zai iya kunna ta. Sa'an nan kowa ya fito, a tsaya can gefe nesa da titi. Ki tuna motoci da yawa suna da makullin yara a ƙofofin baya, wanda ba a buɗewa ta ciki. Ke ce za ki zagaya ki buɗe musu ta waje, kada ki tsaya kina kiran su su fito.

Abu na farko da za ki duba shi ne hayaƙi. In kin ga yana tuɗaɗowa ta gefen bonet, ko fenti yana tashi yana ƙuraje, ko kin hangi harshen wuta, kada ki wangale bonet. Kin san abin da ke faruwa in aka hura garwashi, to haka iska za ta yi wa wutar da ke ɓoye. Mai tukunyar kashe gobara ya ja marfin daga ciki ya ɗan tsage, ya fesa ta wannan tsaga. In wuta ta kama mai, ba a zuba ruwa, don fetur yana tasowa bisa ruwa ya bi shi ya yaɗu. Yashi ya fi, kuma ba mu rasa shi a bakin hanya. In ta fi ƙarfinku a ja da baya kamar mita 30, a nemi 'yan kwana-kwana, ko a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Kada a koma ɗauko jaka, ko da kuɗin adashi ne a ciki. Ita wannan hukuma, wadda aka kafa a 1988, tana tambayar direbobi tukunyar kashe gobara a kan hanya, shi ya sa wasu ke saye don nunawa kawai, su jefa ta can ƙasan but a ƙarƙashin buhu. Ki tambayi maigida inda take, ki dubi allurarta ko tana kan kore, ki sa ya nuna miki yadda ake zare ƙusarta. Minti biyu ya isa.

To, alhamdu lillahi, yawanci ba a kai ga nan. Mota ta tsaya, babu hayaƙi, sai ƙauri kaɗai. Yanzu sai bincike. Amma tukuna ki gyara jikinki, kuma wannan magana tamu ce mata, ba za ki ji ta a bakin makaniki ba. Ki naɗe mayafinki ko hijabinki ki soke shi tsam, kada gefensa ya yi reto. Inji mai juyawa in ya cafki bakin gyale ba ya saki, wuya yake ja. Ko inji yana kashe ma, fankar motocin zamani ta lantarki ce, tana iya tashi da kanta in ta ji zafi. Ki cire awarwaro da zobe da agogo, domin in ƙarfe ya haɗa kan batir da jikin mota, nan take yake yin jajawur a hannunki. Kuma ki bar inji ya huce kamar rabin sa'a. Marfin lagireto kuwa kada ki taɓa shi da zafi ko kusa. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, da an murɗa marfin sai ya yi feshi a fuska.

Yayin da kike jiran inji ya huce, ki zagaya motar a hankali kina sansana, kamar yadda kike neman inda ɓera ya mutu a ɗaki. Ki fara da mai sauƙi, ki sunkuya ki leƙa ƙarƙashi. Ledar da ta cika mana tituna, ta baƙa da ta ruwan sha, iska kan ɗauke ta ta manna a jikin salansa, ta narke ta yi ta ƙauri. Akwai wata tukunya a tsakiyar bututun hayaƙi mai tace guba, wadda makanikanmu suka laƙaba wa suna indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar yara. Zafinta yakan haura digiri 400 in mota na tafiya, leda kuwa ba ta jure ko rabin haka. In wannan ce, kin huta. A bari ya huce, a kankare da itace, sauran ya ƙone da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba kwabo da za ki kashe.

Sa'an nan ki bi ƙafafun mota ɗaya bayan ɗaya. Ki kai bayan hannunki kusa da wili, kada ki taɓa, ki ji hucinsa. In uku suna da ɗumi daidai, ɗaya kuwa yana huci kamar tanda, birkin wannan ƙafa ne ya kama bai saki ba, ko kuma boris ɗinta ya lalace. Irin wannan mota takan riƙa janyewa gefe guda, ta yi nauyi, ta sha mai. In ƙafafun baya biyu ne suka yi zafi, a dubi birkin hannu, mai yiwuwa an taso ba a sauke shi duka ba. Yakan faru ga kowa, har tsofaffin direbobi, kuma akwai jar fitila a gaban direba mai nuna haka, sai dai mutane ba su dubawa. Kada a kwara wa birki mai zafi ruwan sanyi. Ƙarfen yakan karkace, daga baya duk sanda aka taka birki sai sitiyari ya riƙa rawa.

Ki dubi ita kanta tayar kuma. In akwai wani layi mai sheƙi a gefenta ko a kafaɗarta, kamar an goge da wuƙa, tana gugar jikin mota ne. An fi ganin haka ranar biki ko ranar dawowa daga ƙauye, sa'ad da aka cusa mutum bakwai a baya, aka ɗora buhun masara biyu da tukwane a but, bayan mota ya zauna a kan taya. Maganinsa a rage kaya, ba wani abu ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ma takan yi zafi har ta yi wari, domin gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda waya ke zafi in kina tanƙwara ta gaba da baya. A nan ina da magana da masu cewa wai a rage iska lokacin bazara don kada taya ta fashe. Wannan ba daidai ba ne, ƙarancin iska shi ke dafa taya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma da safe ake gwadawa kafin a yi tafiya mai nisa. In kuna wurin mai faci, ki duba shekarun tayar. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kamar robar wando da ta daɗe a akwati, saboda haka tsohuwar taya mai kyan zane ba abin yarda ba ce. Araha dai ba ta ado.

Yanzu inji ya huce, sai a buɗe bonet. A nan ne mai laifi ya fi ɓuya, watau bel, wanda muka saba kira fambel. Ɗamara ce ta roba da ke zagaye da wasu ƙarafa masu juyawa, da ake kira fuli. Inji yana juya ɗaya, ita kuma tana jan sauran, watau na'urar da ke cajin batir, da na'urar sanyaya mota, a motoci da yawa har da famfon da ke zagayawa da ruwa a inji, da wanda ke sauƙaƙa murɗa sitiyari. Wadda ta taɓa ɗinki da keken ƙafa ta riga ta san wannan aiki, don igiyar da ke haɗa babbar ƙafa da kan keke ita ce bel ɗinsa. In ta saki, kina ta taka feda allura ba ta motsi sosai. Haka nan a mota, in bel ya saki sai ya riƙa zamewa a kan fuli maimakon ya ja shi, zamewar ta haifi zafi, zafin ya haifi ƙauri.

Bel ba ya cuta a ɓoye, yana kuka. Za ki ji wani tsiwa mai tsini, ƙiiii, da safe in an ta da mota, ko in an kunna na'urar sanyi, ko in an murɗa sitiyari har ƙarshe. Da inji a kashe, makulli a hannunki, ki duba shi. In cikinsa ya yi santsi yana sheƙi, ko ya tsattsage, ko gefensa ya yi zare-zare, ko kin ga baƙar ƙura kamar gari a kewayensa, ya gaji. A tsofaffin motoci akan danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ya yi sako-sako, sai a sassauta ƙusa a ja na'urar caji baya kaɗan a ɗaure. Kada kuma a ɗaure shi tamau kamar ganga, don sai ya cinye boris. Motocin yanzu yawancinsu bel ɗaya ne dogo mai layi-layi yake jan kome, kuma akwai wani fuli mai sifirin da ke matse shi da kansa. Irin wannan ba a ɗaure shi da hannu. In ya saki, ko shi ya tsufa, ko mai matse shi ya mutu. Robar da ake yinsa da ita yanzu ba ta cika tsagewa ba, sai dai ta side a hankali, saboda haka kyan gani da ido ba shaida ba ne, a bi abin da littafin motar ya ce game da lokacin sakewa.

Ga kuma wata da ta fi wannan muni. Wani lokaci bel lafiyarsa lau, ɗaya daga cikin ƙarafan da yake ja ne ya ƙame ya ƙi juyawa, alal misali na'urar sanyi ta cije. Sai bel ya yi ta gurzar ƙarfen da ke tsaye, cikin 'yan mintoci ya yi hayaƙi ya tsinke. In ƙaurin yana zuwa ne kawai sa'ad da aka kunna sanyi, to a kashe sanyin, a sauke gilashi, a sha iskar Allah har a isa gareji. Kuma in makaniki ya sa sabon bel bai juya kowane fuli da hannu ya ji ba, kuɗin ya tafi a banza, sabon ma haka zai ƙone.

Me ya sa na daɗe a kan bel? Domin in ya tsinke ba shi kaɗai yake tafiya ba. Fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi a motar da famfonta ke kan bel, allurar zafi ta fara hawa. Wanda ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida, yana iya dafa inji gaba ɗaya, ya mai da gyaran kuɗin cefane ya zama na sayar da fili. Iyayenmu da suka hau Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba su rabuwa da fambel na ajiya a but. Masu Volkswagen ƙirar ƙwaro sun fi kowa tsoron wannan, don ita ba ta da lagireto sam, iska ce ke sanyaya ta, kuma bel guda ne ke jan fankar da na'urar caji, da jar fitila ta kama sai tsayawa. Wannan ɗabi'a ta ajiye bel ba ta tsufa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shafa wa bel sabulu ko mai don ya daina kuka. Kukan zai tsaya na yini ɗaya, amma mai yana cin roba, kuma an rufe bakin mai ba da labari ke nan.

Tun da bonet na buɗe, ki bi mesa-mesan roba da ido, waɗanda ke ɗauke da ruwa da iska. Wani lokaci maɗaurin ɗaya ya karye, ta kwanto a kan ƙarfen da hayaƙi ke fita daga inji, za ki ga wurin ya narke ko ya yi fari. A ɗaga ta a ɗaure, in ta huje a sake. Ki duba kuma ko baƙin mai yana tsiyaya daga murfin saman inji yana ɗiga a kan wannan ƙarfe. Ƙaurinsa ya fi kama da na man da ya daɗe a kasko, yakan zo da ɗan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma an fi jin sa in an tsaya a cunkoso. Ba a raina shi, mai a kan ƙarfe mai zafi mafarin gobara ne. In kuwa warin mai zaƙi-zaƙi ne, ruwan lagireto ne mai launi yake zuba. Shi wannan ruwa guba ne, ga shi da zaƙi da launi kamar lemon kwalba, don haka kada a ajiye jarkarsa inda yara ke kaiwa.

Akwai ƙaurin da ba za ki ga tushensa da ido ba, sai dai ki gane shi ta lokacin da yake zuwa. Na kuloci ke nan, a mota mai giyar hannu. Yakan taso in ana hawan tudu da kaya, ko ana fama a cikin yashi, ko a cunkoso, kuma yana kama da ƙaurin takarda haɗe da roba. Masu koyon tuƙi su suka fi jawo shi, saboda ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ko riƙe mota a kan gangare da rabin kuloci. Ki sauke ƙafarki ƙasa da zarar kin sa giya. In tsayuwa ta yi tsawo ki sa a firi, a tudu kuma ki ja birkin hannu. In sau ɗaya ne ya yi ƙauri, a bar shi ya huce, ba lalle ya lalace ba. Amma in kina cikin babbar giya kika taka totur, inji ya yi ruri mota ba ta ƙara gudu ba, farantin ya side, sai sakewa.

Na birki a gangare shi ne wanda nake roƙon ki kada ki yi masa kawaici ko kaɗan. Wadda ta taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ta san irin doguwar gangarar da nake nufi. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ko wanda ya sa mota a firi wai yana tsimin mai, yana dafa birkinsa ne. In ya yi zafi ƙwarai sai ya daina kamawa, har man birki ya tafasa, a taka feda ta tafi ƙasa fayau. Sabon man birki irin DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, amma yana shan danshin iska a hankali, wanda ya tsufa kuwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Dalilin da ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sake shi duk shekara biyu ke nan. Ƙauri shi ne gargaɗin da ke zuwa kafin feda ta tafi. Daidai shi ne a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, ana taɓa birki ana saki. Mota mai canza giya da kanta ma tana da wurin ƙaramar giya, ba don ado aka sa shi ba. In kin ji ƙauri a irin wannan wuri, ki ce a tsaya a wuri mai faɗi a huta, ko da za a ce kin faye tsoro.

Saura na lantarki, wanda ya fi duka saurin zama gobara. Warinsa daban ne, mai yaji, yana shiga maƙogwaro, irin na soket ɗin da ya narke a gida. Sau da yawa daga cikin mota yake fitowa, ta ƙarƙashin sitiyari, kuma yakan zo tare da wata alama, fitila ta riƙa lumshewa, ko rediyo ya ɗauke, ko hon ya mutu. A kashe mota nan da nan. In akwai sifana, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa, shi ake fara cirewa kullum, ba mai alamar tarawa ba. Kada a sake tayar da ita sai mai wayarin ya gani. Yawancin wannan masifa hannun mutum ne ke jawo ta, an ƙara lasifika ko fitila an murɗa waya da leda, ko an yi wa fiyus dabara. Fiyus ɗan ƙaramin ƙarfe ne da aka yi shi don ya tsinke in wuta ta yi yawa, ya mutu domin waya ta tsira. Kowanne da lambarsa da launinsa, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. In na 10 ya ƙone aka sa na 20, ko aka naɗa masa zaren waya, an cire mai gadi ke nan, wayar ce za ta ƙone a madadinsa. Fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu a wuri ɗaya yana da dalili, dalilin za a nema.

Idan an isa gareji, kada ki tsaya a "mota tana wari". Ki gaya wa makaniki lokacin da yake zuwa, da safe ne ko bayan doguwar tafiya, a tudu ne ko a gangare, da sanyi a kunne ko a kashe. Ki faɗi gefen da ya fi ƙarfi, da ƙarar da ta biyo shi, da fitilar da ta kama. In maigida ne zai kai motar, ki rubuta masa a takarda, don kin san su, da sun isa sai hira ta ɗauke su. Wannan bayani shi ke hana a yi ta canza kaya ana lalube da kuɗinku. In an gama ki ce, "Malam, don Allah nuna mini wanda aka cire, kuma me ya ƙona shi?" Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, har daɗi yake ji ya nuna gwanintarsa. Wanda ya ce kawai "Hajiya, ai an gyara," bai ba ki amsa ba.

Bayan gyara kada ki firgita in kin ɗan ji saura. Sabon birki yakan yi ɗan wari a kwanakin farko, haka ma man da ya zuba a jikin inji wajen juye, sai ya ƙone ya ƙare. Bambancin shi ne, wannan raguwa yake yi kullum. Ki sa a goge inda man ya zuba tun a gareji, ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare ki duba da safe ko akwai ɗigo. In an kwana uku ƙaurin yana nan yadda yake, ko ya ƙaru, a mai da motar wurin wanda ya gyara, da kwalin a hannu.